SV2A: furotin ɗaya da maganin farfaɗiya, dafin botulinum da na'urar hoto duk suke kamawa

A ƙarshen kowace ƙwayar jijiya, inda take miƙa saƙo ga ta gaba, akwai wasu 'yan jakunkuna cike da sinadarin saƙo. Faɗin kowace ɗaya wajen nanomita 40 ne, wato sai an jera 25,000 kafin su cike milimita guda. Da zarar motsin lantarki ya iso, ƙofofin kalsiyam su buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki, jakar da ke shirye ta manne da tantanin ƙwayar, bakinta ya buɗe, ta zubar da abin da ke cikinta a 'yar tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin biyu. Duk wannan cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Daga nan a janyo fatar jakar a mayar da ita ciki, a sake cika ta, ta koma jiran kira.

Fatar jakar nan cike take da furotin. A lissafin da aka wallafa a 2006, jaka ɗaya tana ɗauke da synaptobrevin kusan 70, synaptophysin wajen 30, synaptotagmin kamar 15, sai famfon da ke tura asid ciki, guda ɗaya ko biyu. A cikin wannan cunkoso akwai wani da bai wuce biyu zuwa biyar a kowace jaka ba, ana kiransa SV2. Ƙarancinsa bai hana shi zama wanda likita ya fi taɓawa a cikinsu ba, ko da likitan bai taɓa jin sunansa ba.

Kathleen Buckley da Regis Kelly ne suka fara gano shi a 1985, a jakunkunan da aka ciro daga gaɓar lantarki ta wani kifin teku. A 1992 aka karanta ƙwayar gadonsa, daga baya aka gane iri uku ne. SV2A yana kusan kowace mahaɗar jijiya a ƙwaƙwalwa, wato wurin da ƙwaya ke miƙa saƙo ga ta gaba, masu ingiza aiki da sinadarin saƙo glutamet da masu kwantar da shi da sinadarin GABA. SV2B ya fi yawa a masu glutamet da kuma ido. SV2C ya taƙaita a 'yan wurare, musamman inda ƙwayoyin dopamin suke, shi ya sa masu binciken cutar Parkinson suke sa masa ido. A ɓeraye, idan aka cire shi, dopamin da ake saki yana raguwa.

SV2A na mutum amino asid 742 ne, wato tubalan da ake jerawa a gina furotin, yana ratsa fatar jakar sau 12. Kansa da wutsiyarsa suna waje, cikin ruwan ƙwaya. Tsakanin ratsi na bakwai da na takwas akwai wani dogon lanƙwaso da ya faɗa cikin jakar, an rataya masa sarƙoƙin sukari a wurare uku. A riƙe wannan lanƙwaso, domin rabin bayanin a kansa yake. Muddin jaka tana rufe, a ɓoye yake. Amma lokacin da ta manne da tantani ta buɗe, cikinta yana komawa waje, kamar aljihun da aka zaro, kuma duk abin da ke yawo a wajen ƙwayar zai iya taɓa shi kafin a mayar da jakar. Mahaɗar da ta fi yin aiki ita ta fi bayyana shi.

Siffarsa ta dangin furotin masu safarar sukari da makamantansa ce, kuma a 2014 an nuna cewa idan aka sa shi a ƙwayar yis zai iya shigar da galaktos. Sai dai ba shi ke cika jaka da glutamet ko GABA ba. Waɗannan suna da nasu masu safara. Aikinsa da ya fi samun hujja shi ne kula da synaptotagmin, furotin ɗin da ke jin shigowar kalsiyam ya tayar da mannewar jaka. Kan SV2A yana kama shi, kamun yana ƙara ƙarfi idan aka liƙa fosfet a amino asid na 84, kuma ta haka ne idan ana kwaso fatar jaka daga tantani ake tabbatar da synaptotagmin ya dawo da ita daidai adadi. In babu SV2A, jakunkuna suna nan, girmansu bai canza ba, sinadarinsu yana ciki, amma waɗanda ke amsa kiran kalsiyam nan take sun ragu.

Abin da ya faru da ɓerayen da aka cire musu shi

A 1999 ɗakunan bincike biyu suka wallafa sakamako iri ɗaya. Ɓeran da ba shi da SV2A ana haihuwarsa lafiya lau, ba a bambanta shi da 'yan uwansa. Wajen kwana bakwai sai farfaɗiya mai tsanani ta fara, girma ya tsaya, yawancinsu su mutu kafin mako uku. Wanda aka cire wa SV2B kuwa ya rayu ya hayayyafa.

A nan mutum zai iya tambaya: in an rage sakin sinadarin saƙo, ai kamata ya yi ƙwaƙwalwa ta yi sanyi, don me za ta ɓarke da farfaɗiya? Bayanin da ya fi zama shi ne rabon nau'ukan. Mahaɗa mai glutamet sau da yawa tana da SV2B da zai rufa mata asiri, mai GABA kuwa galibi SV2A ne kaɗai madogararta. Don haka ɓangaren da ke kwantar da aiki ya fi jin jiki, mai ingizawa ya samu fili. An auna hakan kai tsaye a hipokamfas, wani sashe na ƙwaƙwalwar waɗannan ɓeraye, aka ga sakin GABA da motsin lantarki ke tayarwa ya ragu. Ɓeran da ke da kwafi ɗaya na ƙwayar gadon SV2A maimakon biyu yana rayuwa, amma farfaɗiya tana saurin kama shi.

A mutane irin wannan lahani ba kasafai ake ganinsa ba. A 2015 aka bayar da rahoton wani yaro da ya gaji sauyi a amino asid na 383 daga uwa da uba duka, yana da farfaɗiyar da ba ta jin magani, ƙaramin kai, motsin jiki ba da son rai ba, da jinkirin girma. Haka kuma a naman ƙwaƙwalwar da ake cirewa daga masu farfaɗiyar gefen kai, inda hipokamfas ya tsuke ya taurare, ana samun SV2A ya ragu.

Maganin da ya riga bayaninsa zuwa

Levetiracetam maganin farfaɗiya ne na kamfanin UCB na Beljiyam. Tarihinsa yana da ɗan ban mamaki, domin gwaje-gwaje biyun da aka daɗe ana tace magungunan farfaɗiya da su a ɓeraye, na jan lantarki da na allurar pentylenetetrazol, duka bai ci su ba. Da su kaɗai aka dogara da an watsar da shi. Inda ya nuna ƙarfinsa shi ne a ɓerayen da ƙara mai ƙarfi ke tayar musu da farfaɗiya, da waɗanda aka yi ta tsokanar ƙwaƙwalwarsu kaɗan-kaɗan har ta saba. Amurka ta amince da shi a 1999, Turai a 2000, da sunan Keppra. Sai a 2004, bayan dubban mutane sun sha, aka tabbatar SV2A yake kamawa. Hujjar ta yi kyau: ƙwaƙwalwar ɓeran da ba shi da SV2A ba ta riƙe maganin ko kaɗan, kuma a cikin sinadarai 'yan uwansa, gwargwadon ƙarfin kamun kowanne gwargwadon kariyar da yake bayarwa. Hotunan tsarin furotin ɗin da aka fitar a 2024 sun nuna maganin zaune a wani kogo a tsakiyar ratsin nan 12.

Gwaje-gwaje a yankakken naman ƙwaƙwalwa sun nuna tasirinsa yana fitowa da sauri idan mahaɗa tana aiki, kuma ya fi bayyana lokacin da saƙo ke zuwa a jere da gudu. Fassarar da aka yi wa wannan ita ce yana samun shiga ne ta jakunkunan da ke buɗewa suna rufewa. Hakan ya dace da abin da ake so daga maganin farfaɗiya, ya danne mahaɗar da ta haukace fiye da wadda ke aikinta a natse.

A wajen amfani, lambobinsa masu sauƙi ne. Babba yakan fara da miligiram 500 sau biyu a rana, a riƙa ƙara 500 a kowane sha duk bayan mako biyu in da buƙata, iyaka 1,500 sau biyu. Yaro ana auna masa da nauyi, yawanci miligiram 10 ga kowane kilo sau biyu a rana, har zuwa 30. Kusan duk abin da aka haɗiye yana shiga jini, ƙasa da kashi 10 cikin ɗari ke maƙalewa a furotin ɗin jini, rabinsa yana fita cikin awa 6 zuwa 8, kuma kusan kashi 66 cikin ɗari yana fita ta fitsari yadda ya shiga. Bai dogara da hanta ba, shi ya sa ba ya rikici da maganin hana ɗaukar ciki ko maganin tsinka jini ko na HIV, saɓanin carbamazepine da phenytoin da phenobarbital. Wannan, fiye da ƙarfinsa, shi ya sa ya karɓu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin muhimman magungunanta a 2023.

Inda ake samun matsala kuma daga waɗannan lambobin ne. Tunda ƙoda ce ke fitar da shi, wanda ƙodarsa ta yi rauni maganin zai taru masa, ya yi ta barci, tafiya ta gagare shi. Idan tacewar ƙoda tana tsakanin mililita 30 da 50 a minti, ba a wuce 750 sau biyu. Ƙasa da 30, ba a wuce 500 sau biyu. Tsoho mai ƙaramin jiki yakan faɗa wannan rukuni ko da sakamakon kiriyatinin ɗinsa, gwajin jini na aikin ƙoda, bai tayar da hankali ba, don haka lissafa tacewar ake yi. Mai wankin ƙoda kuwa, zama ɗaya na awa huɗu yana kwashe wajen rabin maganin, sai a ƙara masa 250 zuwa 500 bayan an gama. Mai juna biyu akasin haka ne: ƙodarta tana ƙara gudu, maganin da ke jininta na iya faɗuwa da fiye da rabi a watannin ƙarshe, farfaɗiya ta dawo alhali ba ta tsallake ko sha ɗaya ba. Ana auna jini a ƙara mata, bayan haihuwa kuma a rage cikin makonnin farko, in ba haka ba ya yi mata yawa.

Na ruwa yana da nasa tarkon. Kowane mililita miligiram 100 ne, to yaro mai kilo 15 da zai sha miligiram 150, mililita ɗaya da rabi ne rabonsa. An sha samun yaran da aka ba ninki goma saboda an yi amfani da sirinjin da bai dace da shekarunsu ba ko an karanta alamar ba daidai ba, har hukumar magunguna ta Turai ta fitar da gargaɗi a 2016. Wanda ya rubuta maganin ya rubuta miligiram da mililita duka, a kuma nuna wa mai ba yaron layin da zai tsaya a jikin sirinjin.

Illar da ta fi sa a daina shi ta hali ce. Saurin fushi, faɗa, damuwa, baƙin ciki, wani lokaci har tunanin kashe kai ko gushewar hankali. A gwaje-gwajen da aka yi masa rajista da su, an ga sauyin hali a kashi 13 cikin ɗari na manya, a kan 6 na waɗanda aka ba maganin bogi. A yara kuwa 38 a kan 19. Wannan ba ƙaramin adadi ba ne, kuma a ganina ana yawan rubuta maganin ba tare da an faɗa wa iyali ba. Mai shan maganin sau da yawa ba ya lura, na kusa da shi ne ke gani. Yakan bayyana a makonnin farko ko bayan an ƙara awo, kuma ya fi yawa ga wanda dama yake da tarihin damuwa ko matsalar hali. Akan rage gudun ƙarin, ko a sauke awon, ko a sauya magani. Wasu likitoci suna haɗawa da bitamin B6, amma hujjar amfaninsa ba ta da ƙarfi. Abin da ba a yi shi ne yanke maganin rana ɗaya, domin farfaɗiya na iya dawowa a jere ba tsayawa.

Sauƙin rubuta shi kuma ya sa ana ɗaukarsa ya fi kowa, alhali ba haka alƙaluma suka nuna ba. Babban gwajin SANAD II da aka yi a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna lamotrigine ya fi dacewa a fara da shi a farfaɗiyar da ke tasowa daga sashe ɗaya, valproate kuma a wadda ke kama ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Sai dai valproate yana yi wa ɗan tayi illa sosai, don haka ga macen da za ta iya ɗaukar ciki levetiracetam yana nan a sahun gaba. A farfaɗiyar da ta ƙi tsayawa bayan an ba benzodiazepine, maganin gaggawa na farko, gwajin ESETT na 2019 ya ba da miligiram 60 ga kowane kilo ta jijiya, iyaka 4,500, cikin minti 10. Ya yi aiki a kashi 47 cikin ɗari, fosphenytoin 45, valproate 46. Kunnen doki ke nan.

Ƙanensa brivaracetam, wanda aka amince da shi a 2016, yana kama SV2A da ƙarfi ninki 15 zuwa 30, kuma yana shiga ƙwaƙwalwa da sauri. Ana fara shi da miligiram 50 sau biyu a rana, iyaka 100 sau biyu. Shi hanta tana da hannu a sarrafa shi, don haka ana rage wa mai ciwon hanta, kuma rifampicin na tarin fuka yana sauke shi a jini da kusan kashi 45 cikin ɗari. Haɗa shi da levetiracetam bai nuna ƙarin amfani ba, tunda wuri ɗaya suke nema.

Ƙofar da dafi ke bi

Dafin botulinum, wanda ƙwayar cutar Clostridium botulinum ke yi, sarƙa biyu ne, mai nauyi da mara nauyi, a haɗe. A 2006 aka gano cewa nau'in A da SV2 yake shiga jijiya. Da farko sarƙa mai nauyi tana maƙalewa a wasu kitse masu sukari da ke saman tantanin ƙarshen jijiyar tsoka, ta zauna jira. Jaka ta buɗe don sakin asetilkolin, sinadarin saƙon da ke motsa tsoka, lanƙwason nan na ciki ya leƙo, dafin ya cafke shi tare da sarƙar sukarin da ke jikinsa. Ƙwayar da kanta ta mayar da jakar ciki da dafin a cikinta. Famfon asid ya fara aikinsa na yau da kullum, tsamin ya sa dafin ya canza siffa ya huda fatar jakar, sarƙa mara nauyi ta fice zuwa ruwan ƙwaya. Ita wannan almakashi ce mai aiki da zink, tana yanke amino asid 9 daga wutsiyar SNAP-25, ɗaya daga furotin ukun da ke ɗaure jaka da tantani. Daga nan jakunkuna suna nan a cike amma ba su iya zubarwa, tsoka ta saki. Nau'in E ma ta SV2 yake shiga, ya yanke 26. Nau'in B kuwa synaptotagmin yake kamawa, ya yanke synaptobrevin.

Matakan nan suna bayyana abubuwan da ake gani a asibiti. Wanda ya ci dafin a abinci yakan fara da faɗuwar fatar ido, gani biyu-biyu, wahalar haɗiya da magana, shanyewar ta gangaro har tsokar numfashi, hankalinsa kuwa garau. Maganin karya dafin yana kama wanda ke yawo a jini ne kawai. Wanda ya riga ya shiga jaka ya tsere masa. Shi ya sa ake bayarwa da zarar an yi zargi, ba a jiran sakamakon gwaji, kuma ba ya dawo da tsokar da ta riga ta shanye, hana ci gaba kawai yake yi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta gentamicin da danginsa suna ƙara raunana sakin asetilkolin, don haka ana kauce musu.

Allurar da ake yi wa mai murɗewar wuya ko sandarewar gaɓa bayan shanyewar ɓarin jiki, wannan hanyar take bi. Tasirin yana farawa cikin 'yan kwanaki, ya kai ƙololuwar ƙarfinsa wajen mako biyu, ya ɗauki wata uku zuwa huɗu, saboda sarƙa mara nauyi ta nau'in A tana daɗewa a cikin ƙwaya tana yanke duk sabon SNAP-25 da aka ƙera. Ana barin aƙalla mako 12 tsakanin allura da allura, domin yawan maimaitawa da babban awo na iya sa jiki ya yi garkuwar da ke kashe tasirinta. Awon kamfani ɗaya kuma ba ya daidai da na wani, ba a musanya su lamba da lamba. Levetiracetam ba ya tare wa dafin hanya: hotunan 2024 sun nuna su biyun a jikin SV2A ɗaya a lokaci guda, magani a kogon tsakiya, dafi a kan lanƙwaso.

Ƙidayar mahaɗa a ƙwaƙwalwar mai rai

Tunda SV2A yana kusan kowace mahaɗa, kuma adadinsa a kowace jaka ba ya bambanta sosai, auna shi hanya ce ta kimanta yawan mahaɗa. Da can sai bayan mutuwa ko tiyata ake iya wannan. A 2016 masu bincike a jami'ar Yale suka wallafa hoton farko a mutane da wani sinadari ɗan gidan levetiracetam mai suna UCB-J, wanda aka liƙa wa kabon-11 mai fitar da haske, ana ɗauka da na'urar hoto ta PET, mai gano wannan haske. A 2018 suka gwada mutum 10 masu cutar Alzheimer da 11 masu lafiya, aka samu kamun ya ragu da kashi 41 cikin ɗari a hipokamfas. An kuma ga raguwa a cutar Parkinson, da sikizofireniya, da baƙin ciki mai tsanani, da gefen da farfaɗiya ke tasowa a masu taurarren hipokamfas.

Kabon-11 rabinsa yana ƙarewa cikin minti 20, don haka dole injin da ke ƙera shi ya kasance a gini ɗaya da na'urar hoton, a haɗa sinadarin a yi allurarsa nan take. Wannan ya sa aka koma ƙera irinsa da fulorin-18, kamar SynVesT-1, mai minti 110, wanda za a iya kai shi wata cibiya.

Karanta hoton yana son taka-tsantsan. Abin da ake aunawa SV2A ne. Raguwarsa na iya nufin mahaɗa sun mutu, ko suna nan amma jakunkunansu sun ragu, ko jakunkunan suna nan furotin ɗin ne ya yi ƙaranci. Inda nama ya tsuke, kamar hipokamfas a Alzheimer, hasken yana gauraya da na ruwan da ke kewaye ya fito da rauni fiye da gaskiya, sai an gyara lissafin da hoton MRI. Farin naman ƙwaƙwalwa da ake kwatantawa da shi, saboda ba shi da mahaɗa sosai, shi ma cuta ko tsufa na iya taɓa shi, lissafin duka ya karkace.

Sannan akwai maganin da mara lafiyan yake sha. Sinadarin hoton da levetiracetam kogo ɗaya suke zama. Awon miligiram 1,500 yana cike kusan kashi 80 cikin ɗari na SV2A ɗin ƙwaƙwalwa, don haka hoton mai shan sa zai fito dusu-dusu ko'ina, kamar wanda mahaɗarsa suka ƙare. Saboda haka ba a sa masu shan levetiracetam ko brivaracetam a irin wannan bincike. A ɗaya ɓangaren, wannan turereniyar ce aka yi amfani da ita aka auna saurin shigar magungunan biyu: ana cikin ɗaukar hoto aka yi allurar maganin ta jijiya, aka kalli yadda hasken ke ja baya, brivaracetam ya kori sinadarin da sauri fiye da levetiracetam.